Tafiyarmu Damagaram da Yallaɓai da Birkin Malam Idi

Tun da na dawo daga Damagaram ban ƙara shan iska cikin salama a majalisarmu ta Takur ba. Da na zauna a kan benci sai wani ya ce, "To Malam Sabo, me aka koyo? Ko alkaki kawai aka je ci?" Na ba da labarin ya fi sau biyar, kuma kullum kiran magariba ke yanke shi a tsakiya. Waɗanda suka ji rabi sun shiga gari suna ƙarasa shi da kansu, har na ji ana cewa wai an tsare mu kwana biyu a kan iyaka. Ba wanda ya tsare mu. Don haka na ce bari in zauna in rubuta shi sau ɗaya, duk wanda ya sake tambaya in miƙa masa takarda.

Ni ne mataimakin darakta a wani ofis da ke raba wa manoma iri a nan Dutse. Ba zan faɗi sunan ofishin ba, saboda saura min shekara shida in yi ritaya, kuma ina so in kai. Shugabanmu kowa Yallaɓai yake ce masa, ni ma haka zan kira shi. Ba mugun mutum ba ne, ku riƙe wannan. Yana zuwa suna, yana zuwa ta'aziyya, bai taɓa hana kowa zuwa asibiti ba. Abu ɗaya ne da shi: ba ya son labari mara daɗi. In ka kawo masa, sai ya cire tabarau ya ajiye a tebur ya ce, "Kai wa ya aike ka?" Shekara tara ina ƙarƙashinsa, na ƙware wajen kauce wa wannan tambaya.

Gayyatar ta zo ne daga wata cibiyar binciken iri da ke bayan garin Damagaram: horo na kwana uku kan shugabanci a wurin aiki. Takardar shafi biyu ce. Yallaɓai ba ya karanta abin da ya wuce shafi ɗaya, ni nake taƙaita masa sauran. A shafi na biyu kuwa an rubuta ƙarara cewa kowane ofis ya zo da mutum uku: shugaba, mataimakinsa, da ma'aikaci ɗaya daga can ƙasa. Na san in na faɗa zai ce ƙaramin ma'aikaci ba shi da abin yi a taron manya, ƙila ma ya fasa tafiyar, ni kuma ban taɓa fita daga ƙasar nan ba. Sai na ce, "Ranka ya daɗe, shugabanni suke nema."

Ya gyara zama ya ce, "Ai sun san inda ake samunsu."

Direban ofishinmu Malam Idi dattijo ne, ya haura sittin, kuma kafin ya shiga aikin ofis ya daɗe yana jigilar dabbobi a hanyar Maigatari. Ranar Talata ya tare ni a bakin mota.

"Malam Sabo, na ji an ce Alhamis za a tashi. Alhamis fa kasuwar Maigatari ke ci. Ko mu tashi Laraba, ko mu bi ta Baɓura. Ka gaya wa Yallaɓai. Sannan ga maganar motar nan da nake ta yi maka..."

Na ce, "Za a duba, Malam Idi."

Na shiga na tarar da Yallaɓai yana gwada sabuwar hular da ya saya don tafiyar, yana ta kallon kansa a gilashin taga. Na ce, "Malam Idi ya ce hanya lafiya, sai dai ɗan cunkoso."

Ya ce, "Cunkoso ai ba ya tare motar ofis."

An sa ƙarfe bakwai na safiyar Alhamis. Malam Idi ya kai mota ƙofar gidan Yallaɓai a Yalwawa bakwai saura. Yallaɓai ya fito tara da rabi. A Kiyawa muka tsaya ya gaisa da surukansa, domin a cewarsa ba a fita ƙasar waje ba a yi sallama ba. A Gumel muka tsaya aka sha fura. Rana na tsaka muka shiga Maigatari, daidai lokacin da kasuwa ta cika ta batse.

Jama'a, na sha zuwa kasuwar dabbobi, amma ban taɓa shigarta a cikin mota da kwala a wuya ba. Shanu masu dogayen ƙaho a gaba, raƙuma a gefe, tirela ta gitta hanya ana loda tumaki. Wani dillali ya ga babbar rigar Yallaɓai ya ɗauka mai saye ne, ya cuso kan rago ta taga yana cewa, "Alhaji, taɓa ka ji, wannan ba irin na gari ba ne." Ragon ya yi atishawa a kan sabuwar hula.

Muna cikin wannan sai hanya ta ɗan buɗe, Malam Idi ya matsa, sai ga wani raƙumi ya tsaya cak a gabanmu. Na ga ƙafar Malam Idi tana ta dukan birki, sau ɗaya, sau biyu, sau uku, motar na ci gaba da silalewa. A na huɗu ta tsaya, tsakaninmu da ƙafafun raƙumin bai fi taƙi ɗaya ba. Raƙumin ya waiwayo ya dube mu ta gilashi, ya ci gaba da tuƙa abin da ke bakinsa.

Yallaɓai ya ce, "Malam Idi, tsufa ne ya fara taɓa ido?"

Malam Idi ya dube ni ta madubi. Ni kuma na juya ina kallon tumaki.

Awa biyu muka yi kafin mu fita. A kan iyaka kuma aka ce kowa ya sauko ya nuna takardunsa. Yallaɓai ya zauna daram, ya miƙa katinsa na ofis mai ruwan zinare ta taga. Jami'in da ke ɓangaren Nijar, wani siririn mutum mai ladabi, ya juya katin gaba da baya ya mayar masa.

Yallaɓai ya ce, "Ka san ko ni wane ne?"

Mutumin ya ce, "A'a. Shi ya sa nake son ganin takarda."

Dole ya sauko. Da jami'in ya gama dubawa sai ya yi murmushi ya ce, "Barka da zuwa, Mushe Darakta."

Yallaɓai ya tsaya cik. "Ni ne mushe? Sabo, kana ji? Da raina da lafiyata?"

Malam Idi ne ya yi maza ya shiga tsakani. "Ranka ya daɗe, girmamawa ce. A nan duk malami ko babban ma'aikaci mushe ake ce masa. Kamar a ce yallaɓai ne."

Yallaɓai ya koma mota yana cewa ƙasar da ake girmama mutum da sunan matacciyar akuya akwai gyara a cikinta. Takardun mota kuwa Malam Idi ne ya bi da su tebur-tebur, yana gaisawa da tsofaffin abokansa, ana tambayarsa iyali. Mu manya muna zaune a inuwa ba mu san ko ƙofar da ake shiga ba.

Bayan la'asar muka isa cibiyar. Yallaɓai ya ce in shiga in sanar da su ya iso don a fara. Mai gadi ya ce ai an fara tun ƙarfe goma sha biyar, har an kusa tashi. Sai da Malam Idi ya raɗa min cewa ƙarfe uku ake nufi. Wannan shi ne baƙon abu na farko da na gani: a can agogo ke buɗe taro. Mu a nan kun sani, lokacin taro shi ne lokacin da babban baƙo ya sauko daga mota.

A bakin zauren na ga wata mata 'yar ƙarama, za ta yi shekara hamsin, takalmin roba a ƙafarta duk taɓo, tabarau na rataye a wuyanta da zare. Na ce, "Baiwar Allah, ina ofishin shugabar wurin nan?"

Ta ce, "Ofishin yana can. Shugabar kuma ga ta kana magana da ita."

Madam Mariama ke nan. Ta gaisa da Yallaɓai, ta duba takardarta ta ce, "Dutse. Ina na ukunku?"

Yallaɓai ya ce, "Wane na uku?"

Ta ce, "Yana shafi na biyu."

Ya juyo ya dube ni. Na fara lalube a aljihu kamar na uku yana ciki. Ita kuwa ta hango Malam Idi yana alwala a gindin darbejiya, ta ce, "Wancan dattijon fa?"

Na ce, "Direba ne."

"Ma'aikacinku ne?"

"E."

"To ya wadatar."

Nan take aka rataya wa Malam Idi kati a wuya, aka ba shi jaka da biro irin namu sak.

Masauki ɗakuna ne a jere, duk iri ɗaya: gado, fanka, buta, sallaya. Yallaɓai ya aike ni in tambayi ina ɓangaren manyan baƙi. Aka ce babu, amma in yana so a ƙara masa matashin kai. Wurin cin abinci kuma layi ake bi, kowa da farantinsa. Na ga Madam Mariama da idona tana tsaye a bayan mai gadi. Yallaɓai ya ce shi bai bi layin abinci ba tun yana makarantar kwana, sai na bi sau biyu, ɗaya nawa ɗaya nasa.

Abincin kam ba laifi. Akwai kwaɗon zogale da suke kira kopto, ya fi namu yaji. Burodinsu dogo ne kamar sandar makiyayi, bayansa da tauri, sai da ya ɗaye min dasashi kafin na gane ana tsoma shi a shayi. Shayin kuma a ɗan mitsitsin kofi ake ba ka, na farko ɗaci kamar maɗaci. Yallaɓai ya kurɓa ya yamutsa fuska ya ce rowa ce. Ya tashi ya tafi, bai san akwai zagaye na biyu da na uku ba, waɗanda su ne masu daɗin. Kafin ya tashi dai ya ba mutanen teburinmu labarin raƙumin Maigatari, da yadda direbansa ya tsufa. Aka yi dariya.

Safiyar Juma'a muka shiga zaure, ofisoshi takwas, wasu daga Maraɗi, wasu daga Katsina da Kano. Na zaci za a kashe fitila a yi ta nuna mana rubutu a bango mu yi gyangyaɗi, kamar yadda aka saba. Sai Madam Mariama ta raba wa shugabanni ƙananan takardu ta ce, "Kowa ya rubuta min: in ma'aikacinka ya aiko maka da saƙo ta hannun mataimakinka, nawa ne yake iso ka? Duka, rabi, ko kaɗan? Ku rubuta tun yanzu kafin mu gwada, domin in an ga sakamako kowa cewa yake da ma ya sani."

Na leƙa takardar Yallaɓai. Ya rubuta "Duka", ya ja layi biyu a ƙasa.

Aka raba mu ɗaki uku. An ce wa ƙananan ma'aikata kowa ya tuno wata matsala ta gaskiya da ya kamata shugabansa ya sani. Sannan aka kira mu mataimaka mu karɓi saƙo mu kai. A kowane ɗaki akwai ma'aikacin cibiyar a kusurwa da biro a hannu. Ni na ɗauka sunayen mahalarta suke rubutawa.

Malam Idi ya dube ni ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba, ya ce, "Malam Sabo, birkin motar nan ya ƙare. Wata uku ina gaya maka. Jiya sau huɗu na taka kafin ta tsaya, Allah ne kawai ya tsare mu. Ina da iyali, kai ma kana da su. In ba a gyara ba, wallahi ba zan tuƙa ta zuwa Dutse ba, ko da korata za a yi."

Tsakanin ɗakin nan da inda Yallaɓai yake bai fi taku ashirin ba. Na fito da niyyar faɗar komai. A taku na biyar na ajiye maganar kora, don ba ladabi a ciki. A na goma na ajiye wata ukun, don ni za ta kama. Da na kai ƙofa na hango shi yana dariya da wani shugaba daga Maraɗi, dariyarsa ta farko tun da rago ya ɓata masa hula. Sai na ji ba zan iya ba. Na rusuna na ce, "Ranka ya daɗe, Malam Idi yana gaisuwa. Ya ce mota ta yi ƙoƙari a hanya, in an samu sarari a ɗan leƙa birki."

Aka ba shi takarda ya rubuta abin da ya ji. Ni kuwa, Allah ya sani, na koma kujerata ina ganin na isar da saƙo.

Da aka taru, Madam Mariama ta ce za ta karanta saƙonnin uku-uku ba tare da suna ba. Ashe duk abin da aka faɗa an rubuta shi kalma da kalma. Ta karanta na Malam Idi, zauren ya yi tsit. Ta karanta nawa, aka fara murmushi. Sannan ta ɗaga ta ukun ta karanta: "Direba ya yaba da lafiyar mota."

Zauren ya fashe. Ba a faɗi suna ba, amma duk wanda ya ci abinci da mu jiya ya san motar da aka taka wa birki sau huɗu. Sauƙin abin ɗaya ne: ba mu kaɗai ba ne. Wani ma'aikaci ya ce ɓeraye sun cinye rabin sito, shugabansa ya rubuta cewa ana neman kyanwa. A cikin takwas ɗin nan, saƙo ɗaya ne ya isa da kayansa, na wata ƙungiyar mata masu matsar man gyaɗa, su kuma shugabar da ma'aikatan a tabarma ɗaya suke wuni.

Madam Mariama ta bari aka gama dariya ta ce, "Ba wanda ya zo nan da niyyar ƙarya. Mataimaki ya koyi cewa wanda ya kawo labari shi ake yi wa faɗa, sai yake rage masa nauyi a hanya. Shugaba kuma a cikin ɗan abin da ya rage sai ya tsinci mai daɗin. Ba zan yi muku wa'azi ba, an sha yi muku. Mu a gonar gwaji in abu ya ƙi, ba ma canza abu biyar a lokaci ɗaya. Ɗaya muke canzawa, mu sake aunawa. Yanzu ma'aikaci zai faɗa da bakinsa. Shugaba zai yi shiru minti biyu, sannan ya maimaita abin da ya ji, har sai mai maganar ya ce haka ne."

Ta ajiye agogo a tebur. Aka zaunar da Malam Idi a gaban Yallaɓai, kujera da kujera. Malam Idi ya fara. Ko daƙiƙa goma ba a yi ba Yallaɓai ya cire tabarau ya buɗe baki. Madam ta ɗaga yatsa ɗaya. Ya rufe. Ya sake buɗewa, ta sake ɗagawa. Ban taɓa sanin minti biyu na da tsawo haka ba. Har jijiyar wuyansa ta tashi.

Da lokaci ya cika ya ce, "Ka ce birki yana bukatar dubawa."

Malam Idi ya ce, "A'a, ranka ya daɗe. Cewa na yi ya ƙare."

"Ka ce ya yi rauni."

"Ya ƙare, ranka ya daɗe."

Yallaɓai ya mayar da tabarau idonsa. Sannan a hankali ya ce, "Ka ce birki ya ƙare, kuma jiya da mun iya mutuwa, kuma ba idonka ba ne."

"Haka ne."

Sai ya juyo gare ni. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi min sauƙi. Ya ce, "Wata uku, Sabo?"

Na zuba wa agogon da ke tebur ido.

Bayan an sauko daga Juma'a muka kai motar wurin wani bakanike a cikin gari, Yallaɓai da kansa ya ce zai je. Aka ciro takalman birkin aka ɗora masa a tafin hannu, sun cinye sun zama kamar reza. Ya daɗe yana jujjuya su, sannan ya ce a sa sababbi. A hanyar komawa ya sa aka tsaya, ya sauka ya sayo kilishi ƙunshi guda ya miƙa wa Malam Idi. Ni bai ba ni ba.

Ranar Asabar da hantsi na samu Madam Mariama a rumfar da suke gwajin tsiro, na zauna har zagaye na uku na shayi. Na tambaye ta a wace makaranta ta karanta shugabanci. Ta yi dariya ta ce ita ƙwayar gero ta karanta.

"Na fi kowa iya aikin ɗakin gwaji, sai aka ce in shugabanci mutane, kamar abu ɗaya ne. Ba wanda ya koya min komai. A shekara ɗaya ma'aikatana uku mafiya ƙwazo suka tafi. Na ce albashi ne. Na ce hassada ce. Sai wata rana na ce, ke da ba kya yarda da buhun iri sai kin jiƙa ƙwaya ɗari kin ga nawa suka tsiro, me ya sa kika yarda da zatonki a kan kanki? Na sa aka tambayi sauran a rubuce, ba suna. Ashe ni ce. Ba na barin kowa ya ƙarasa magana."

Na ce, "Sai kika yi yaya?"

"Na yi kuka tukuna. Sannan na canza abu ɗaya. A taronmu mafi ƙanƙanta ke fara magana, ni ce ta ƙarshe. In na fara, kowa bakina zai bi."

Ranar Lahadi da za mu taso, Yallaɓai ya ce, "Malam Idi, ta ina za mu bi?" Saura kaɗan in faɗi ƙasa don mamaki. Muka biyo ta Magarya muka shigo ta Baɓura, hanya sumul. Kafin mu iso Dutse Yallaɓai ya fara cewa shi da ma ya fi son wannan hanyar.

Kuna tambaya ko ofis ya canza. Ya canza mana. A satin farko Yallaɓai ya kafa Kwamitin Kimiyyar Shugabanci, shi ne shugaba. Aka kafa akwatin ƙorafi a bakin ofishinsa, daidai inda yake hango mai sakawa, da sanarwa cewa kowa ya faɗi ra'ayinsa ba tsoro, ya rubuta sunansa da matakin albashinsa. Da aka buɗe an samu takarda uku, biyu na yabo, ɗaya ta neman hutu.

Ni kuma a sashena, mu bakwai, na ce bari in gwada abu ɗayan nan. Taron Litinin na ce daga yau na ƙasa ke farawa. Sati na farko kowa ya ce ba shi da abin cewa. Na biyu suka ce Allah ya ƙara wa oga lafiya. A na uku sai Malama Talatu mai kula da sito, mace mai shiru-shiru wadda a shekara huɗu ban taɓa jin muryarta a taro ba, ta shigo da faranti an rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Ta ajiye a gabana ta buɗe.

"Ranka ya daɗe, irin gyaɗar da za a raba wa manoman Kiyawa ranar Alhamis ne. Na jiƙa ƙwaya ɗari. Ko rabi bai tsiro ba. Kwanon rufin sito ya huje, ruwan bara ya taɓa buhunan, zafi ya ƙarasa su. In suka shuka wannan, sai damina ta yi nisa za su gane."

Na ce, "Subhanallahi! Me ya sa ba ki faɗa ba?"

Ta sunkuyar da kai. "Sau biyu na gaya maka, ranka ya daɗe. Ka ce za a duba."

Sauran biyar ɗin duk suka juya suna kallon taga.

An riga an kama rumfa da kujeru, an buga ƙyalle mai hoton Yallaɓai, an gayyaci masu gari. Na ɗauki farantin na ce ta biyo ni, don na san kaina, in na tafi ni kaɗai kafin in kai ƙofa gyaɗar ta tsiro. Muka shiga. Na ajiye farantin a kan fayilolinsa na ce, "Ranka ya daɗe, irin ya mutu. Ba za a iya raba shi ba. Malama Talatu ta gaya min sau biyu, ni na danne."

Ya cire tabarau. Ya buɗe baki. Ban san inda na samo ƙarfin hali ba, na ji hannuna ya tashi da yatsa ɗaya a sama.

Jama'a, na ga aikina yana fita ta taga. Ya dubi yatsan, ya dube ni, ya dubi gyaɗar da ta yi funfuna. Sannan ya ce, "Sauke hannunka, mara kunya. Malama, faɗa min da bakinki."

Ta faɗa. Bai kai minti biyu ba, ya katse ta sau ɗaya, amma ya ji. Aka ɗage rabon kwana goma, aka nemo wani irin daga wani sito, Malama Talatu ta gwada shi ya tsiro, ya isa hannun manoma kafin ruwa ya zauna. A jawabinsa na ranar rabo Yallaɓai ya bayyana cewa salon shugabancinsa na kimiyya ne ya gano matsalar. Aka yi tafi. Ni ma na yi.

Washegari ya kira ni ofis ya ce, "Sabo, daga yau duk wani mummunan labari a kawo min shi yadda yake, ba ragi."

Na ce, "To, ranka ya daɗe."

Na kai bakin ƙofa ya ce, "Amma ban da Litinin, ranar kaina na ɗaukar zafi. Talata ina zuwa taro a babbar ma'aikata. Juma'a ranar ibada ce."

"Alhamis fa, ranka ya daɗe?"

"Alhamis ina shirin Juma'a."

Na fito na lissafa a yatsa, saura Laraba. A da ko rana ɗaya ba mu da ita. Na sanar a sashe, kafin a tashi Malama Talatu ta kama layin Laraba mai zuwa da maganar rufin sito. Sannan ta tsaya a bakin ƙofata, ta gyara mayafi ta ce, "Ranka ya daɗe, an aiko ni in tambaya. Kai wace rana ce taka?"